Yakuwar Iya a Mount Hope

Da safen nan yakuwar da ke bayan gidana ta buɗe fure. Na fita da kofin shayi a hannu, sanyin Oktoba yana cizon yatsuna, na tarar da furannin sun buɗe, farare masu ratsin rawaya, tsakiyarsu ja har ya yi duhu. Maƙwabtana a nan unguwar Jamaica duk sun tuge tumatirinsu, ganyen bishiyoyi ya fara zuba, amma ita sai yanzu ta ga dama. Furen yini ɗaya ne. Kafin la'asar zai koma ruwan hoda, ya naɗe kansa, ya faɗi. Ban taɓa ganinsa ban tuna da shekarar da aka karya wa Umma hannu ba.

Ina aji shida a lokacin, a ƙarshen shekarun tamanin. Muna zaune a unguwar Mount Hope, a hawa na uku na wani dogon gini kusa da babban titin Grand Concourse. Baba direban tasi ne, yana fita ba mu tashi ba, ya dawo mun gaji da jira. Ni ce 'yar fari, don haka Umma ba ta kiran sunana. "Ke" ce ni, ko "yarinyar nan". Kunyar Kano ta tsallako teku tare da ita ko jiƙewa ba ta yi ba. Ni kuwa hakan ya yi mini daidai, domin ba na son a kira ni a ko'ina. A makaranta kujerar baya nake zama, in yi ta kallon takalman mutane.

Unguwar ba ta da daɗi a shekarun nan. A bakin titinmu samari suna tsaye yini zubur suna sayar da ƙwaya a cikin 'yan kwalabe kamar ƙaramin yatsa, masu murfi kala-kala, ja da shuɗi da rawaya. Fankonsu yana ƙara a ƙarƙashin takalmi idan za mu makaranta. In an ji harbi muna da ƙa'ida a gida: a kwanta ƙasa, a nisanci taga, kada a leƙa. Na san warin ledar tsakar ɗakinmu kamar yadda na san warin matashina. Akwai ramin harsashi a jikin ƙofar ginin, kullum in na wuce sai na sa yatsa a ciki, ban san dalili ba.

Ginin da ke bayan namu ya ƙone tun kafin mu zo, aka rushe shi, aka bar fili cike da fasassun bulo da ruɓaɓɓun katifu da gilashi. A kusurwar wannan filin Umma ta yi lambu. Ba ita kaɗai ba. Akwai Malam Isufu, mutumin Maraɗi da ke zaune a hawan ƙasa, mai sayar da huluna da safar hannu a kan tebur a bakin titi. Shi ya kwashe bulo, ya yi shinge da tsofaffin gadajen ƙarfe da waya, ya kafa wata ƙofar banɗaki da ya tsinto. Akwai kuma Mma Adiza, 'yar Zangon Kumasi, mai dafa abincin sayarwa a hawa na biyu, wadda in ta yi dariya sai ka ji ta a hawa na biyar. Ita ta shuka barkono da wasu furanni masu ruwan lemo a bakin shingen. Ni aikina ruwa. Da galan ɗin madara nake sauko da shi, biyu-biyu, a cikin zafin Yuli da kwalta ke narkewa, hannun galan ɗin yana yanka mini yatsu.

Abin Umma a lambun shi ne yakuwa. Da mahaifiyarta, Iya, ta rasu, abu biyu ne suka zo hannun Umma: 'yar fartanya da ƙullin iri a tsumma. Baƙar yakuwa ce, wadda zoɓonta ke rina kwano. An sayar da gidan Iya, an yi shaguna a inda take shukawa, saboda haka abin da ke cikin tsumman nan shi ke nan a duniya.

Shekarar farko Umma ta jira ruwa ya zauna kamar yadda ake yi a gida, ta shuka rabi. Yakuwa ta tashi har ta fi Baba tsawo, ganye kamar me, amma ta ƙi fure. A nan rana ba ta faɗuwa da wuri da damina, ita kuwa ba ta fure sai yini ya gajarta. Tana fara ƙunso fure sai raɓa ta daskare a kanta wata safiya. Muka tarar da ita baƙi ƙirin, a langwaɓe, kamar an watsa mata tafasasshen ruwa.

A shekara ta biyu Umma ta kwance tsumman, ta juye sauran gaba ɗaya. Ta shuka su a kwalayen madara a bakin taga, a saman hita mai ɗumama ɗaki, dusar ƙanƙara tana zuba a waje. Ta kakkaɓe tsumman, ta ninke shi.

"In bana ba ta yi iri ba," ta ce, ba da ni take ba, "to Iya ta ƙare."

A cikin samarin bakin titi akwai wanda muke kira Mai Jar Hula. Wurin tsayuwarsa yana daf da shingenmu. Umma tana gaishe shi kowace safiya da ɗan Turancin da take da shi, "Gud mornin, mai son." Da farko kallonta kawai yake yi. Ta fara aika ni da ƙosai a takarda, in ajiye masa a kan bulo in gudu. Bayan wani lokaci ya fara amsawa, yana kiranta Mama. Ya taɓa korar yaran da ke jifan lambun da kwalabe. Ya taɓa karɓar galan daga hannuna ya kai mini har ƙofa.

Malam Isufu bai so abin ba.

"Hajiya, nan ba Kano ba ce. Kura ko ta ci ƙosai kura ce."

"Malam Isufu, wanda ya ci abincinka ba ya shiga gonarka da mugunta. Ɗan wata uwar ne shi ma."

"Bon. Ni dai na hwaɗi."

Da Oktoba ta kama, yakuwa ta yi fure. Ban manta da safiyoyin Asabar ɗin nan ba. Mu fito da shayi a fulas, mu zauna a kan akwatunan lemo, numfashinmu yana hayaƙi. Furannin Mma Adiza sun yi jajir, wasu 'yan ƙanana masu ruwan shuni da ba wanda ya shuka sun cika gindin shingen, ga yakuwa a tsakiya ta fi kowa tsawo. Sanyi ya sa ƙudan zuma sun yi nauyi, wasu ma a cikin furen suke kwana, sai rana ta taɓa su su motsa. A bayan kowane furen da ya faɗi akwai ɗan ƙoƙo ja yana kumbura, iri yana cikinsa. Umma takan bi su ɗaya-ɗaya tana latsawa da babban yatsa.

"Ei, 'yar'uwa, ka bar shi ya huta mana," in ji Mma Adiza, wadda ba ruwanta da mace ko namiji a magana. "Sobolo ba ya nuna da tsoro."

"Bisap ake cewa," in ji Malam Isufu.

"Ku ji su," Umma ta ce. "Zoɓon uwata kuke raɗa wa suna?"

A irin wannan Asabar ɗin ce abin ya fara. Umma ba ta barin shara a gona. Duk mako takan share busassun ganye da takardun da iska ta kwaso, ta tara a rabin duro, ta cinna wuta, ta mayar da tokar gindin shuka kamar yadda Iya ke yi. Ran nan hayaƙin ya fito da wani wari mai ɗaci, kamar roba da magani. Da wutar ta mutu na tona tokar da tsinke. Na ga murafe kala-kala irin na 'yan kwalaben ƙwaya sun narke sun manne da juna kamar alewa, masu yawa, a dunƙule a wuri ɗaya. Na tuna da wata takardar soyayyen dankali da na gani a cukuikuye a gindin yakuwa, an cusa ta da kyau, ba kamar abin da iska ta kawo ba.

Na ja zanen Umma, na nuna mata. Ta daɗe tana kallo.

"Innalillahi," ta ce. "Yaron nan na bakin shinge ajiya ya yi mana a gona."

Malam Isufu ya leƙa duron, ya ja da baya.

"Hajiya, a rufe da ƙasa. Ba mu gani ba, ba mu ji ba. Wallahi in kin yi magana kin jawo."

"A gidanmu in akuyarka ta ci hatsin wani, kai ne kake zuwa ka faɗa kafin a zo a tambaye ka." Ta gyara mayafi. "Ke, zo ki yi mini tafinta."

Ni ce bakin Umma a asibiti da wajen mai kula da gini, amma ban taɓa tsayawa gaban Mai Jar Hula na yi magana ba. Takalmansa na kalla. Igiyar ɗaya ta tsinke an ƙulla. Na faɗa wa takalman da Turanci cewa uwata ta ce ta ƙone kayansa da shara, ba ta sani ba, ya yi haƙuri, kuma kada ya ƙara ajiya a gonarta.

Na jira ihu. Bai yi ba. Sai ya zauna a bakin kwalta, ya cire hular. A lokacin na ga ko gemu bai fara ba, farcensa duk a cije.

"It ain't mine, Mama," ya ce.

"Me ya ce?"

"Wai ba nasa ba ne."

Ina jin a nan ne Umma ta gane cewa akuyar ta shiga gonar wanda ba ta taɓa gaisarwa ba.

Lahadi ba mu gan shi ba. Litinin gari ya waye tas, babu gajimare, babu iska, sararin sama kamar an wanke. Na dawo makaranta na tarar da Umma ta buɗe akwati tana fitar da zannuwa. Rediyo ta ce raɓa za ta daskare kafin gari ya waye, ƙoƙunan kuwa ba su gama ƙosawa ba. Dabarar da ta yanke ita ce a lulluɓe yakuwar kamar jinjiri. Bayan la'asar muka sauka da atamfofi a ka, har da na lefenta da ba ta taɓa ɗaurawa ba. Muna kafa sanduna muna ɗaure zani a kai sai muka ji gudu.

Mai Jar Hula ya tsallako shingen, waya ta yage masa cinya, ya faɗo cikin yakuwa. Bakinsa ya riga ya fashe. Da rarrafe ya zo bayan Umma, ya kama gefen zanenta da hannu biyu. Ba na jin ya san abin da hakan ke nufi a wajenmu. Umma ta sani: neman mafaka ne. Ta dubi hannun, ta sunkuya ta ɗauki fartanyar Iya.

Mutum biyu ne. Ba gudu suke yi ba. Ɗaya yana riƙe da sandar ƙarfe irin ta buga ƙwallo, yana jan ta a jikin shingen tana ƙara. Ɗayan dogo ne, da rigar fata da fararen takalma ƙal, yana tauna tsinken shan lemo. Ya sa ƙafa ya daki ƙofar banɗakin nan, ta faɗi ciki a kan barkonon Mma Adiza.

"Ke," in ji Umma, idonta a kansu, "gaya musu ya shigo gidana. Ba a dukan mutum a gidana."

Na faɗa. Ban san inda muryar ta fito ba, amma ta fito, har ta dawo mini daga bangon ginin. Mai fararen takalma ya kalle ni, ya kalli zannuwan da ke kan sanduna, ya yi dariya. Ya ce wa Umma ta matsa. Wannan ba sai na fassara ba. Ta ɗaga fartanyar a gicciye da hannu biyu, kamar mai tare ƙofa.

Sandar ta sauka. Ƙarar kamar an taka busasshen kara. Fartanya ta yi gefe, Umma ta zauna a ƙasa, ba ta yi kuka ba, tana dai kallon hannunta na dama da ya lanƙwashe a inda babu gaɓa.

Suka finciko shi daga bayanta, guntun zanen yana hannunsa. Suka yi ta dukansa a cikin yakuwar. Yana birgima, rassa suna karyewa a ƙarƙashinsa, ƙoƙuna suna fashewa. Ya rufe kansa da hannu, suka daki hannun, ya rufe ciki, suka daki kan. Ruwan zoɓo da jini suka haɗu a ƙasa, ba ka iya rarrabewa. Wani fure ya manne a jikin sandar, yana sama yana ƙasa tare da ita. Shi na tsaya ina kallo, domin ba zan iya kallon sauran ba.

Malam Isufu ya shigo da gudu da ƙafar teburinsa yana kabbara. Bai kai ga ɗaga ta ba mai rigar fata ya sa masa gwiwar hannu a baki. Ya faɗi a kan shingen, ya tofar da haƙori a tafin hannunsa, ya zauna yana kallonsa.

Sai taga ta buɗe a hawa na biyu. Tukunyar shinkafa ta fara faɗowa, da ruwanta da komai, ta fashe kusa da su. Bayanta murfi, bayansa turmi. Mma Adiza tana zagi da Hausa da Twi da Turanci a numfashi ɗaya, tana kiran unguwa. Wata taga ta buɗe, sai wata. Matan da ba mu taɓa magana da su ba suka fara buga tukwane, ana jefo kwalabe, ana ihu da Sifaniyanci. A unguwar da ƙa'ida ita ce kada a leƙa, ran nan an leƙa.

Suka daina. Mai fararen takalma ya duba ƙafarsa, ya ga ja. Ya ciro atamfar lefen Umma daga kan sanda, ya goge takalmin a hankali, ɗaya bayan ɗaya, ya yar. Suka fita ta inda ƙofar take, suna tafiya kamar masu dawowa daga kanti.

Motar asibiti ta daɗe. Mai Jar Hula yana kwance yana numfashi da ƙara, idonsa ɗaya ya rufe. Umma ta sa na lulluɓa masa zani. Rana ta fara sauka bayan gine-gine, sanyi yana tasowa daga ƙasa. Da za a ɗaga Umma, leɓenta ya yi fari, ta kama wuyan hannuna da hagu.

"Bilkisu."

Na waiga, na zaci wata ake kira.

"Bilkisu, rassan da suka karye, masu manyan ƙoƙo. Kwashe su kafin rana ta faɗi. Ki rataye su a saman hita, kai ƙasa. Kin ji ni?"

Na ji. Malam Isufu ya bi motar da tsumma a baki. Ni da Mma Adiza muka tsaya. Ta lulluɓe 'yan tsirarun da suka rage a tsaye, tana kuka tana ɗaure zani tana ci gaba da zagi. Ni kuma na bi ƙasa da gwiwa ina zaɓen rassa, ina latsa ƙoƙunan da babban yatsa kamar yadda na ga ana yi. Waɗanda suka yi tauri na rungume, waɗanda aka take na bari. Hannuna ya yi ja har gwiwa. Da Baba ya dawo ya gan ni, sai da ya juya ni gaba da baya yana neman rauni.

Da safe zannuwan sun sandare kamar kwali. Raɓa ta yi fari a kan komai, har da wurin da Mai Jar Hula ya kwanta. Waɗanda muka lulluɓe sun tsira a daren nan, amma kafin mako ya ƙare wani sanyin da ya fi shi ya zo, suka yi baƙi a cikin zannuwansu. Sai ya zama ba abin da ya rage sai rassan da ke rataye a kicin.

Umma ta dawo da hannu a filasta. Ba ta tambayi lambun ba. Takan zauna a kicin tana kallon sama. Rassan suka bushe, ɗakin ya cika da ƙamshi mai tsami, hita tana huci a ƙasansu. Wata rana ina aikin makaranta na ji ƙas, ƙarami, kamar an karya farce. Kwanson farko ya tsage.

Muka ɓare su duka a faranti. Yawanci farare ne, shafal, babu komai a ciki. Umma ta ce in kawo ruwa a kwano in zuba su. Suka taso sama suka rufe ruwan. Na sa yatsa na ture su gefe. A can ƙasan kwanon akwai baƙaƙe, masu ƙiba, sun nutse sun zauna. Ba su cika tafin hannuna ba, hannun 'yar aji shida. Umma ta ce in ɗauko tsumman Iya. Ni na ƙulla, ita ba ta iya ba.

Mai Jar Hula bai dawo ba. Wasu sun ce an kai shi wajen kakarsa a kudu, wasu sun ce ba haka ba. Hular na tsinta a gindin shinge. Umma ta sa na wanke ta, muka rataye a kan waya ko zai zo nema. Ta yi hunturu a nan, dusar ƙanƙara tana taruwa a kanta, wata rana muka ga babu ita. Wani yaron ya tsaya a wurinsa tun kafin jinin ya gama wankewa. Umma ta gaishe shi shi ma. Ƙosai ne dai ba ta ƙara aikawa ba.

Hannun bai koma daidai ba. Daga shekarar nan fartanya ta dawo wajena, kuma tana nan, an sake mata ƙota sau da yawa. Sunana kuwa ban ƙara jinsa a bakin Umma ba.

Yanzu bayan gidan nawa ne, da shingen katako da famfo a jikin bango, ba mai hawa bene da galan. Umma tana zaune a kujera a bakin ƙofa, bargo a ƙafa, hannun daman a kan cinya. 'Yata ta fito da waya a hannu, ta ce da Turanci wai yau da dare za a yi sanyi sosai. Umma ba ta jira fassara ba. Ta dubi sararin sama, babu gajimare, babu iska. Ta miƙa hagu ta latsa ƙoƙon da ke kusa da ita.

"Da saura," ta ce, ta juyo wajena. "Ke, yarinyar nan, ɗauko zannuwa."